Wata bakwai ina zuwa cibiyar masu ciwon firgici bayan na kaɗe yarinya, ga abin da na gani

Jama'a sallama. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin ina fasawa, yau dai na ce bari in daure. Ni direban haya ne, shekara 19 kenan ina riƙe da sitiyari, yawanci Kano zuwa Katsina, wani lokacin har Jibiya in lodi ya kama. Magana zan yi a kan wata cibiya ta masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa da damuwa a nan cikin Kano wadda na yi wata bakwai ina zuwa. Ba zan kama sunanta ba don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan yi ƙorafi, sannan mutanen da muke haɗuwa a wajen ba kowa ne yake so a san yana zuwa ba.

Dole sai na faɗi abin da ya kai ni kafin a gane me ya sa nake ganin wajen da daraja. Wata ranar kasuwa ce bayan la'asar, na wuce Bichi da ɗan nisa, wata yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa ta fito ta bayan wata tirela da aka faka a gefen titi da gudu, ina jin wani fasinja ne ya kira ta daga ɗaya hannun. Shekarunta ba za su wuce tara ba. Na taka birki iya ƙarfina amma ina. Wallahi har yau ban san ƙarar bugun ba, kunnuwana dum suka yi kamar an nutsa ni cikin ruwa, fasinjoji sun ce sun yi ta salati da ihu ni ban ji ko ɗaya ba. Abu ɗaya na ji, ƙarar farantinta yana garawa a kan kwalta, kuma gani nake kamar ya yi minti biyar yana juyawa alhali abin duka bai fi ƙiftawar ido ba. Idona kuma ya tsuke, ba na ganin tirelar ba na ganin mutane, silifas ɗinta ɗaya kawai nake gani. Da na fito ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, hannuna yana karkarwa ko mukulli na kasa zarewa, yawun bakina ya ƙafe, sai amai, na yi ta kelaya shi a gefen taya. Akwai wajen minti goma da suka ɓace min gaba ɗaya, an ce ni na ɗauke ta na sa a mota muka yi asibiti, ni dai ban tuna ba sai jinin da na gani a rigata.

Kafin mu isa rai ya yi halinsa.

An yi abin da ake yi, 'yan sanda, 'yan yuniyon ɗinmu, mai gari, an zauna. Mahaifinta dattijo ne mai sanyin magana, ya ce Allah da ya ba shi ita Shi ya karɓi abarsa, ya yafe diyya, ko sisi ba ya so. Kowa ya ce min in gode Allah na faɗa hannun mutanen kirki, kuma na gode, amma yafiyar nan ji na yi kamar an ƙara min dutse a ƙirji, da ma zagina ya yi ko ya mare ni. Na tambayi malamai suka karanta min aya ta 92 a Suratun Nisa'i, kisan kuskure akwai diyya ga dangin mamaci sai in sun yafe, akwai kuma kaffara, 'yanta wuya, wanda bai samu ba azumin wata biyu a jere. Na yi azumin nan cif ban sha ko ɗaya ba. Na ɗauka ranar da na kai na ƙarshe zan yi barci. Ban yi ba.

Abin ma sai ya ƙaru. Da na rufe ido sai farantin nan. In tashi tsakar dare jiƙe da gumi zuciyata kamar za ta fasa ƙirji. Rannan uwargida ta saki tire a tsakar gida, ban san lokacin da na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba a shekara 16 da aurenmu, yara suka watse, ni kuma na shige ɗaki na zauna ina rawar ɗari kamar mai masassara. 'Yata ta uku sa'ar yarinyar ce, na daina iya kallon fuskarta, in ta kawo min ruwa sai in kau da kai, yarinya ta fara tambayar uwarta wai me ta yi wa Baba. Gyaɗa kam ko warinta. Motar na ba wani yaro yana ja yana kawo balas. An yi min ruƙiyya an ba ni rubutu da tofi na sha, kuma ban raina ba don ina samun natsuwa a lokacin, amma dare na yi abin zai dawo. Daga nan wani abokin aiki a tasha ya haɗa ni da ƙwayar barci ta kemis, diyazifam, daga ɗaya na koma biyu, har na fara leƙen tiramol da rana don in ji ƙarfin jikina. A nan ne ƙanwata da take aikin jinya ta zo gida ta ce Yaya, wallahi ba zan zuba ido ka lalace ba, gobe zan zo mu tafi. Na ce ke yanzu Dawanau za ki kai ni, mahaukaci kika mayar da ni? Ta ce ko Dawanau ɗin ne ai asibiti ne, amma ba can ba ne, ka dai shirya.

To bari in fara da abin da bai min daɗi ba don shi na fara cin karo da shi. Allon da suka kafa a bakin get ƙato ne, duk wanda ya gan ka ka shiga ya san me ya kawo ka, a garin da in an ce ƙwaƙwalwa an gama da kai. Na fi minti ashirin a cikin adaidaita na ƙi fitowa. Wajen karɓar kati kuma sai su ɗaga murya su kira cikakken sunanka har da na mahaifi a gaban kowa, kuma yarinyar da ke kan teburin ranar farko ta tambaye ni me ke damunka alhali mutum huɗu na tsaye a bayana, ya za a yi in ce na kashe yarinya a cikin layi? Na ce ciwon kai. Fam ɗin da ake cikewa duk da Turanci ne, shafi uku, da ba don ƙanwata ba da sai dai in juya. Jira kuma ba a magana, mun zo ƙarfe takwas ba mu ga likita ba sai bayan azahar, benci ne na katako, fanka ɗaya, in an ɗauke wuta shi kenan. Mutumin da ƙarar faɗuwar cokali ke firgita shi ka ajiye shi awa biyar kusa da ƙofar ƙarfe da ake bugawa garam garam, wannan gaskiya ya kamata su duba.

Amma da na shiga ciki labari ya canza. Mutum biyu ne suke ganina, likita mace mai rubuta magani, da wani mai ba da shawara da kowa ke ce wa Malam, shi ne ake zama da shi a yi magana. Hausa yake yi tsantsa. Bai ce min ƙaddara ce ba, bai ce in manta ba, kalmomin da na ji sun fi sau dubu. Cewa ya yi Malam direba, ba ni labarin jikinka a ranar, ba labarin hatsarin ba. Na yi shiru don ba wanda ya taɓa tambayata haka. Da na fara faɗa masa zancen toshewar kunne sai ya riga ni, ya ce idonka ya tsuke ko? lokaci ya yi maka tsawo? ka yi amai? akwai inda ka manta? Na ce Malam kana wajen ne? Ya ce a'a, haka jikin ɗan Adam yake yi. Ya ɗauki takarda ya zana min. Wai a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da ke sakin sinadarin adirenalin in an shiga tashin hankali, shi ke sa zuciya gudu, ya janye jini daga ciki ya tura shi manyan tsokoki don gudu ko faɗa, shi ya sa narkar da abinci ke tsayawa baki ya bushe amai ya taso, yatsu kuma su kasa ƙaramin aiki irin zare mukulli. Ya ce wasu har fitsari ke kuɓuce musu ko ma fiye, kuma manyan jarumai ne, ba ragwanta ba ce. A cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan wuri bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, aikinsa gadi, shi ke buga ƙararrawa in ya hango haɗari. Nawa mai gadin tun ranar ya ƙi komawa ya zauna, duk ƙarar faranti a wajensa ranar ce ta dawo. Ya ce in abin ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwa, mafarki, gudun duk abin da zai tuna maka, zabura, saurin fushi, shi ne likitoci ke kira PTSD, kuma ba yau aka san shi ba, tun yaƙin duniya na farko ake ganin sojoji suna dawowa da karkarwa ba rauni a jikinsu, amma sai 1980 likitocin Amurka suka sa shi a kundin cututtukansu da wannan sunan, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Har direbobin jirgin ƙasa a Turai da mutum ke faɗowa gabansu an yi bincike a kansu an ga irin wannan.

Ni dai a ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba don an warkar da ni ba, don kawai na ji ashe abin yana da suna kuma ba hauka na fara ba.

Abin da ya fi min amfani a wajen shi ne zaman rukuni na ranar Laraba, maza zalla, mu bakwai zuwa tara. Da farko na ƙi, na ce ni ba zan tona cikina gaban baƙi ba. Da na shiga sai na tarar da direbobi biyu irina, da wani ɗan sa-kai daga wajen Zamfara, da wani tsohon soja da ya yi shekaru a Borno muna ce masa Baba soja. Ba zan faɗi sirrin kowa ba, abin da zan kawo na nemi izininsa. Baba soja ya ce mutumin farko da ya harba, a lokacin wani irin daɗi ya ji, wani ƙarfi ya taso masa har ya yi ihu, don shi ne ya rayu ba wancan ba. Bayan kamar awa ɗaya da ƙura ta lafa ya je ya ga gawar, yaro ne ko gemu bai fara ba, da ɗan guntun biredi a aljihunsa, nan ya durƙusa ya yi ta amai. Ya ce shekara da shekaru ba harbin ne ke hana shi barci ba don yaƙi ne kuma da bai harba ba shi za a harba, wannan daɗin da ya ji ne yake tuhumar kansa a kai, wane irin mutum ne ni. Malam ya ce masa wannan daɗin na tsira ne, jiki ne ke yinsa ba tare da ya yi shawara da kai ba, mutane da yawa da suka shiga irin wannan sun faɗi haka, murna ta fara zuwa sannan tashin zuciya da nadama su biyo, sannan mutum ya yi shekaru yana neman yadda zai fahimtar da kansa. A nan ni ma na faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko uwargida ba, cewa lokacin da na ga mutanen ƙauyen ba za su dake ni ko su ƙona motar ba, sanyi na ji a raina, yarinya na kwance ni ina murnar tsira da fatata. Wannan abin ya fi farantin cina. Baba soja ya miƙo hannu ya dafa gwiwata bai ce komai ba.

Malam ya bambance mana abu biyu da nake ganin duk wanda ransa ya taɓa rataya da ran wani ya kamata ya sani. Akwai tsoro, wato jiki ya ƙi yarda haɗari ya wuce. Akwai kuma wani ciwon daban wanda ba tsoro ba ne, mutum ya ji ya ƙetare wata iyaka da shi kansa ya yarda bai kamata a ƙetare ba, ya daina ganin kansa mutumin kirki, ya ji bai cancanci dariya ko cin mai daɗi ko rungumar 'ya'yansa ba. Ya ce wani likitan Amurka, Jonathan Shay, da ya yi aiki da tsofaffin sojojin Biyetnam shi ya fito da maganar wannan raunin na zuci, kuma binciken da aka yi a kan sojojinsu ya nuna waɗanda suka kashe da hannunsu sun fi shan wahala bayan yaƙi a kan waɗanda suka ga tashin hankali kawai. Ƙwaya tana iya rage na farkon, na biyun sai an zauna an yi magana.

Kuma abin da ya burge ni ba su raba mu da addininmu ba. Na shiga da tsoron za a ce min malamai ba su iya ba, sai na ga akasin haka. Malam ne ma ya tuna min ƙissar Annabi Musa alaihis salam a Suratul Ƙasas, da ya naushi mutum ya mutu ba da niyyar kisa ba, ya ce ya Ubangiji na zalunci kaina Ka gafarta min, Allah Ya gafarta masa, amma duk da haka aya ta 18 ta ce ya wayi gari a cikin birnin yana tsoro yana ɗar-ɗar yana waige-waige. Ya ce ka ga an gafarta masa tun a aya ta 16, tsoron bai tafi nan take ba. Na sha karanta surar nan ban taɓa lura ba. Ya kuma kawo Usama bin Zaid da ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen yaƙi, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya yi ta maimaita masa tambaya har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Sahabi kenan abin ya yi masa nauyi haka. Sai na gane rashin barcina ba alamar Allah bai karɓi azumina ba ne, wanda da shi nake ta raya wa kaina.

Ɓangaren magani, likitar ta tsaya ta yi min bayani sosai, wannan na yaba. Ta ce diyazifam ɗin da nake sha ba ya maganin wannan ciwon, sabo kawai yake sa wa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don yana iya jawo jijjiga, a hankali ta dinga rage min. Ta ɗora ni a kan wani maganin damuwa da ake kira satiralin, ta gaya min gaskiya cewa satin farko zan iya jin tashin zuciya kuma sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin in ga aikinsa, kuma haka aka yi. Matsalar ita ce kantin maganinsu sau uku ina zuwa a ce babu, sai ka fita waje ka saya da tsada, ga shi an ce kar ka tsallake. Kuɗin zama da Malam kuma ga mai cin abinci daga abin da ya samo a ranar yana da nauyi, ni naira 5,000 nake biya duk zama, na rukuni ne kyauta. Mutum biyu a cikinmu sun daina zuwa saboda kuɗin mota kawai, ɗan sa-kan nan yana cikinsu kuma shi ya fi mu buƙata, har yau ina tunaninsa. Sannan Malam shi kaɗai ne, ranar da ya yi tafiya aka haɗa ni da wani matashi mai kirki amma Hausarsa ba ta nuna ba, rabin zaman ya tafi a me ka ce, me kake nufi. An sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ga manyan asibitoci a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, amma mutum nawa ne daga ƙauyukan da ake ta kashe-kashe za su iya kai kansu can, kuma su tarar da mai jin yarensu? Yaran da suka ɗauki bindiga suna kare garuruwansu wa yake tambayarsu yadda suke kwana?

Aikin da aka ba ni ba mai sauƙi ba ne, kar wani ya ɗauka hira ce kawai. An sa ni in ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe, a maimaita a sake maimaitawa, sati bayan sati, har jikina ya rage zabura. An koya min jan numfashi a hankali in fitar da shi ya fi shigarsa tsawo in na ji abin ya taso. An sa ni in zauna a mota a kashe, sannan a kunne, sannan zagaye unguwa da ƙanina a gefe. Akwai satin da na fito daga zaman na rantse ba zan koma ba, kwana biyu ban runtsa ba, Malam ya riga ya gaya min hakan na iya faruwa kuma ya kira ni a waya da kansa ya ji ya nake. Sun kuma kira uwargida zama ɗaya, suka yi mata bayanin tsawar nan da kau da kan da nake yi wa 'yarmu, ta fito tana share hawaye ta ce min ai da ka gaya min tun farko.

Wanda zai je, ya je da sassafe, ya tafi da wanda ya iya karatun boko saboda fam ɗin, ya riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa, kuma in an tambaye shi a teburin kati ya ce sai na shiga ciki, ba dole ba ne ya faɗa a nan. In yana shan wata ƙwaya ya faɗa wa likita gaskiya, ba 'yan sanda za su kira masa ba.

Yanzu na koma jan mota wata biyu kenan, amma Kano zuwa Zariya nake yi, hanyar Katsina sau ɗaya na bi kuma ba ni ke tuƙi ba. Na sauka a ƙauyen na gaida dattijon, na kai musu buhun gero, ya karɓa bayan na yi ta roƙo, ya raka ni maƙabarta muka yi mata addu'a. Mafarkin yana zuwa kamar sau ɗaya a sati maimakon kullum. 'Yata ta dawo kawo min ruwa kuma ina karɓa ina kallonta. Gyaɗa dai har yanzu ban iya ci ba, Malam ya ce ita ce aikinmu na wata mai zuwa.